Rediyona yana ɗaukewa in na danna makirfo a mota: ina matsalar take?

Tambaya: Wata biyu ke nan da na samu lasisin rediyon masu sha'awa da lambar kira. Na sayi rediyon mota mai wat 50 da ke aiki a zangon mita 2 da na santimita 70, na jona shi a soket ɗin kunna sigari, na ɗora eriya mai maganaɗisu a kan but. In na danna makirfo a cikakken ƙarfi sai rediyon ya ɗauke ya sake kunnuwa. In kuma na taka totur, abokan magana su ce suna jin wani kuka a bayan muryata. Rediyon ne ba shi da kyau? Nan gaba ina so in ƙara na gajeren zango.

Amsa: Barka da shigowa cikinmu, Malam. Kada ka yi saurin mayar da rediyon wurin wanda ya sayar maka. Alamomin nan biyu daga wuri ɗaya suke fitowa, kuma ba daga cikin akwatin rediyon ba: wuta ce ba ta isarsa yadda ya kamata. Na daɗe ina haɗa irin waɗannan kaya a motoci, tawa da ta abokai, kuma ɗaure rediyon kansa bai taɓa cin min fiye da rabin awa ba. Abin da ke cinye yini shi ne wayar wuta, da eriya, da jikin motar, wanda yawancin sababbin shiga ba sa ma lissafawa cikin kayan aiki alhali shi ne rabin eriyar.

Rediyo mai wat 50 yana jan amfiya 10 zuwa 13 a lokacin da kake magana. Na gajeren zango mai wat 100 yakan kai 20 zuwa 23. An ƙera su ne su yi aiki a kan bolt 13.8, da sassaucin kashi 15 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato in wutar ta sauka ƙasa da kimanin bolt 11.7 ka fita daga alkawarin da masu ƙera shi suka yi maka. Shi kuwa soket ɗin sigari siririyar waya ce a bayansa, ta bi ta makulli da mahaɗai da yawa kafin ta iso, fis ɗinsa amfiya 10 ko 15, kuma ɗan sifirin ne kawai ke riƙe da filogin. Yana iya cajin wayar hannu, yana iya riƙe rediyo yana sauraro. Da ka danna makirfo sai wutar ta faɗi, ƙwaƙwalwar rediyon ta ɗauka an kashe shi.

Ba sai ka yarda da ni ba. Ka sa mitar awon wuta a bayan rediyon, daidai inda wayoyi biyun suke shiga, ba a kan batir ba, ka danna makirfo ka duba lambar.

Maganin shi ne waya ta kanta, daga batir kai tsaye. Kaurinta kuma lissafi ne mai sauƙi. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1 tana da turjiyar kimanin om 0.0175 a kowace mita. A ce daga batir zuwa ƙarƙashin kujera mita 5 ne. Zuwa da dawowa mita 10 ke nan. Waya mai kaurin 2.5 za ta ba ka om 0.07. A amfiya 12 ka yi asarar bolt 0.84 a hanya, a amfiya 22 kuwa fiye da bolt ɗaya da rabi. In injin a kashe yake, batir na ba da 12.5, ka ga abin da zai rage. Waya mai kaurin 6 tana mayar da asarar kusan bolt 0.35 a amfiya 12, da 0.65 a amfiya 22. Tunda kana da niyyar gajeren zango, ja mai 6 tun yanzu, in rediyon a but zai zauna ma mai 10, kada ka sake kwance kafet sau biyu. Kuma ka kankare bakin wayar da wuƙa kafin ka saya. In ka ga fari a ƙarƙashin jan, alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe, turjiyarta ta fi yawa, tana kuma ruɓewa a mahaɗa. Arha ce mai kashe kuɗi.

Fis kuwa, a tuna ba rediyon yake karewa ba, wayar yake karewa, da motar. Saboda haka wurinsa kusa da kan batir, kamar taƙi ɗaya, ba can kusa da rediyo ba. Na koyi wannan da hancina. Shekarun baya na zura jar waya ta wata huda a bangon ƙarfen da ke tsakanin injin da cikin mota, ban sa mata zoben roba ba, na ce gobe. Goben ta zama wata biyar. Rannan ina tafe sai na ji ƙauri, rediyo ya yi ɗif. Da na buɗe bonet na jawo wayar, bakin ƙarfen ya riga ya yanka robar kamar an sa reza, wurin ya yi baƙi. Fis ɗin da ke kusa da batir ne ya ƙone a madadin motar. Da a ɗaya ƙarshen yake, da wayar nan ta zama garwashi daga batir har bango. Yawancin motoci suna da wata toshiyar roba a bangon nan da ba a amfani da ita. Nemo ta, huda ta, bi ta nan, ka sa wayar cikin tiyon kariya, ka nisanta ta da salansa da sandar sitiyari da fedar birki.

Baƙar waya, wadda wuta ke komawa batir ta cikinta, ita ce ake gardama a kanta. Tsohuwar koyarwa ta ce a kai ta kan batir ita ma, a sa mata nata fis. Dalilin yana da ƙarfi: in babbar wayar da ta haɗa batir da bodi ta saki, wutar kik, mai ɗaruruwan amfiya, za ta nemi hanyar komawa ta baƙar wayar rediyonka da rigar kebul ɗin eriya. Amma motocin zamani da yawa, musamman masu kashe injin da kansu in an tsaya, suna da wata 'yar na'ura a kan batir, ɓangaren mai alamar ragi, da ke ƙirga duk wutar da ta shiga da wadda ta fita. In ka ɗaura wayarka a kan batir kai tsaye ka zagaye ta, kwamfutar motar ba za ta san da wutar da rediyo ke ja ba, lissafin cajinta ya rikice. A irin wannan mota, ɗaura baƙar wayar a jikin bodi, daidai inda wayar batir ta sauka. In littafin motar ya faɗi wani abu a kan haka, shi za ka bi. Mai babbar mota mai bolt 24 ya sayi na'urar rage wuta zuwa 13.8, kada ya tsotsa daga batir ɗaya cikin biyun, zai kashe shi. Mai mota mai lantarki ko mai haɗin injin da batir kuma ya bar duk wata waya mai launin ruwan lemo inda ya gan ta. Ɗaruruwan bolt ne a ciki.

Kukan da ke tashi da totur na altaneta ne. Ita tana samar da wuta mai kai-komo, wasu diyod su miƙar da ita, amma ɗan kaɗawa yakan rage, kuma sautinsa yana ƙara siranta yayin da injin ke ƙara gudu. Batir yana shanye mafi yawansa, shi ya sa jona waya a kansa kan kashe kukan ba tare da an sayi komai ba. In ya ƙi tafiya, a gwada diyod ɗin altanetar kafin a sayi matatar wuta, domin diyod ɗaya in ta mutu kukan yana ninkuwa.

Akwai gwaji guda da ke raba gardama a kan kowace irin hayaniya da kake ji a sifika: cire kebul ɗin eriya daga bayan rediyo. In hayaniyar tana nan, ta wayar wuta take shigowa. In ta ɓace, eriya ce ke tsinto ta daga iska. Daga nan sai kunne. Ƙarar tas-tas-tas da ke ƙara sauri da totur ta fulogi ce. Wadda ke farawa da ka murɗa makulli, tun injin bai tashi ba, ta yi daƙiƙa biyu ko uku ta tsaya, famfon mai ne. Amma a 'yan shekarun nan ɓarawon da na fi kamawa ba a cikin injin yake ba. Cajar wayar hannu ce mai arha, ko ƙwan fitila na LED da aka canza, ko kyamarar gaban mota. A FM ma ba lallai ka ji ƙararsu ba, sai dai ka ga tashoshin nesa da ka saba ji sun ɓace. Zare su ɗaya bayan ɗaya kana kallon ma'aunin sigina.

Yanzu eriya, inda nake so ka fi ba da hankali. Sandar da kake gani a tsaye rabi ce. Ɗaya rabin shi ne faffaɗan ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Shi ya sa tsakiyar rufi ta fi ko'ina: ta fi tsayi, ƙarfe ya kewaye ta ta kowane gefe, siginar ta bazu daidai, kuma rufin ya shiga tsakanin eriyar da kawunan mutanen da ke cikin mota. A kan but, inda taka take, ɗakin motar yana tare ta ta gaba, tana kuma kallon wanda ke zaune a kujerar baya ta gilashi. Wat 50 a taku biyu da ƙeyar yaro ba abin wasa ba ne. In dole sai a nan za ta zauna, rage ƙarfi in akwai mutane a baya.

Maganaɗisu ba laifi ba ne a mita 2 da santimita 70. Ba ya taɓa ƙarfe, amma a waɗannan zanguna siginar tana ratsa fenti ta kama bodi yadda ya isa. Aibinsa na yau da kullum ne: ƙura tana shiga ƙarƙashinsa ta goge fenti, kebul yana bi ta bakin ƙofa ana matse shi kullum har ya lanƙwashe ko ruwa ya shige shi, reshen bishiya kuma yana iya make shi ya faɗo yana jan kebul. In motar taka ce kuma za ka daɗe da ita, ra'ayina a fili yake: huda rufin. Gindin eriya irin na NMO yana buƙatar rami mai faɗin milimita 19, yana da zoben roba da ke hana yoyo, haƙoransa kuma suna cizon ƙarfe daga ciki. Na san zuciya tana bugawa in aka ɗora abin huda a kan rufi mai sheƙi. Sauke silin ɗin ciki tukuna, ka ga inda ƙarafan ƙarfafa rufi suke, da wayoyin fitila, da jakar iskar da ke naɗe a gefen rufi. In ba za ka iya huda ba, akwai gindi mai kama leɓen but ko bonet da ƙananan sukurori; tabbatar sukurorin sun ratsa fenti sun taɓa ƙarfe ta ciki, ka shafa abin hana tsatsa.

Tsawon sanda kuma, rubu'in zango, wato kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon zangon siginar, a megahaz 145 (zangon mita 2) kusan santimita 49 ne, a zangon santimita 70 kuwa bai wuce 17 ba. Mai biyar cikin takwas na zango ta haura mita 1.2, tana kwantar da siginar ƙasa-ƙasa, don haka a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta fi nisa. Sai dai iska tana lanƙwasa ta in kana gudu, tana dukan rufin gareji, kuma a cikin gari ko tsakanin duwatsu, inda rifita, wato tashar da ke karɓar siginarka ta sake watsa ta, take can sama, gajerar takan yi daidai da ita. Ni gajerar nake bari a kai kullum, doguwar tana but don doguwar tafiya. Motar da rufinta ba ƙarfe ba ne, ko gilashi ya cinye shi, ta nemi eriyar rabin zango, wadda ba ta dogara da ƙarfen ƙasa.

In ka gama, auna SWR, wato yawan ƙarfin da ke dawowa daga eriya maimakon ya fita. A fili za ka yi, nesa da gini, ƙofofi da but a rufe, da ƙaramin ƙarfi. Auna a farkon zango, tsakiya, da ƙarshe. In lambar ta fi kyau a ƙasan zango, sandar ta yi tsawo, rage milimita biyu ko uku ka sake aunawa. In ta fi kyau a sama, ta yi gajarta. Ƙasa da 1.5 ya yi kyau, ƙasa da 2 ana zaune lafiya, sama da haka yawancin rediyoyi suna rage ƙarfinsu da kansu. Kada ka damu da kebul: mita 5 na kebul irin na RG-58 ba sa cin fiye da kimanin desibel 1 a zangon mita 2, asara ce kaɗan. Abin lura shi ne kada ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da wayoyin kwamfutar mota. In dole su haɗu, su gicciya juna.

A cikin mota, rediyo mai fuskar da ake cirewa ya fi sauƙi: gangar jikin a ƙarƙashin kujera ko a but, fuskar a inda ido zai kai ba tare da barin titi ba. Gangar jikin tana zafi, a bar wa fankarta iska, kada a binne ta cikin kafet ko a ajiye ta a bakin hita. A ɗaure ta da noti, don akwatin kilo ɗaya da rabi da ba a ɗaure ba jifa ne in aka yi karo. Kafin ka huda daɓen mota leƙa ƙasa, tankin mai da bututun birki suna nan. Kada komai ya zauna a gaban jakar iska, ko fuska ko makirfo ko kebul, kuma mahaɗan wayoyi masu launin rawaya galibi nata ne, a bar su. Ƙaramar sifika ta waje da ke kallon kunnenka ta fi ƙara sauti amfani. Ka kuma kunna agogon yanke magana a minti uku, don kusan kowa a cikinmu ya taɓa zama a kan makirfo ya watsa hirar cikin motarsa ga duk mai sauraron rifita. Kunna mai kashe rediyo da kansa shi ma, tunda yanzu ba ya bin makulli, kada ka wayi gari batir ya kwanta.

Shirya tashoshinka a ma'ajiyar rediyo tun kana tsaye, da tazarar da ke tsakanin inda rifita ke saurare da inda take watsawa, wadda a zangon mita 2 kilohaz 600 ce, da sautin buɗe ta. Lura da cewa zangon ba ɗaya ba ne a duniya: a Afirka da Turai daga megahaz 144 zuwa 146 ne, ana kiran juna a 145.500, a Amurka kuwa ya kai 148, ana kira a 146.520. Rediyon da aka ƙera wa wani yanki zai bar ka ka yi magana inda lasisinka bai kai ba. Dokar riƙe makirfo ana tuƙi ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ka san ta inda kake, ka ajiye kwafin lasisi a mota, kada kuma ka watsa a gidan mai.

Gajeren zango kuwa wata duniya ce, gara ka shiga da ido buɗe. Rubu'in zango a mita 20 kusan mita 5 ne, a mita 40 kusan 10. Abin da mota za ta iya ɗauka bai fi mita biyu da rabi ba, sai a cike giɓin da naɗin waya. Sanda mai wannan tsawo a megahaz 7, in naɗin a gindi yake, turjiyarta mai amfani, wadda ke mayar da wuta sigina, ba ta kai om 2 ba. Asarar naɗin da ta bodi da ta ƙasa kuwa tana iya kai om 10 ko fiye. Ka raba da kanka: cikin wat 100 ɗinka kaɗan ne ke tashi sama, sauran ɗumama ƙarfe suke yi. A mita 80 abin ya fi muni, don turjiyar mai amfani tana komawa kashi ɗaya cikin huɗu duk lokacin da tsawon zango ya ninka. Daga nan wani abin mamaki ke fitowa: gajerar eriya a mita 40 da ta ba ka SWR mai kyau ba tare da wani naɗin daidaitawa a gindinta ba, kuma a faɗin zango duka, ba abin murna ba ce. Asara ce ta cika turjiyar ta kai kusa da om 50 ɗin da rediyo ke buƙata. Wadda aka haɗa da kyau takan nuna SWR mai ɗan yawa da farko, sai an sa mata ɗan naɗi tsakanin gindi da bodi.

Don haka aikin a nan rage asara ne, kuma hanyarsa ɗinke motar ta zama ƙarfe guda. A idon sigina, bonet da but da ƙofofi da salansa ɓangarori ne daban-daban da fenti da girisi da roba suka raba. Ana haɗa su da gajerun saƙaƙƙun igiyoyin jan ƙarfe masu faɗi, ba zagayayyiyar waya ba, a tsallaka kowane hinji, a kuma haɗa salansa da bodi a wuri biyu ko fiye, domin dogon bututun nan eriya ce mai watsa hayaniyar fulogi. Wannan aikin shi ma yana rage ƙara a kunne. Gindin eriyar ya hau sama gwargwadon iko, da ƙarfe mai yawa a ƙarƙashinsa. Bamba ita ce mafi sauƙin ɗaurawa kuma mafi asara, don rabin sandar yana tsaye jikin bodi. Maganaɗisu guda ba ya isa a nan. Sa zoben ferayit, nau'i na 31, a kebul kusa da gindi, ka naɗa shi sau da dama, kada siginar ta biyo rigar kebul ta dawo cikin mota ta sa fitilun dashbod rawa. In eriyar mai ƙaramin inji ce da ke tsawaita naɗinta, wayar injin ma tana buƙatar nata zoben. Kuma kowa ya nisanci sandar in kana watsawa; saman naɗin nan yana ɗauke da dubban bolt, yana ƙuna.

Shawarata ka fara da sanda mai zango ɗaya ta mita 20, ko 17, inda tsawon da mota ke iya ɗauka ya fara zama rabo mai tsoka na zangon kuma asarar ba ta cinye komai. Ka auna tsayin motar da eriyar a kai, ka rubuta lambar a takarda ka manna kusa da sitiyari saboda gadoji da wayoyin lantarki. Kiranka na farko kuma ka yi shi a tsaye, a buɗaɗɗen wuri, injin yana aiki don wutar ta tsaya a 13.8, mitar awon nan tana maƙale a bayan rediyo kana kallonta.